Injin Jirgin Yayana

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1984 ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Tudun Wada, Kaduna)



Ranar da sakatare ya same ni ya ce kwamiti ya ɗora mini yin jawabi a bana, sai na ce masa lalle ya yi ɓatan hanya. A cikinmu akwai likitoci, akwai lauyoyi, akwai manyan malaman jami'a, ni kuwa bakanike ne, iyakar sanina sifana da baƙin mai. Sai ya ce, "To, ka yi mana magana a kan sifanar da baƙin man." Na riƙe shi a kan maganarsa. Saboda haka yau zan ba ku labarin wani injin jirgin ruwa da na kai wa yayana Yawuri, da abin da na gani a tafiyar. In na yi tuntuɓe a Hausa, malaminmu na Hausa yana zaune a nan gaba, na kuwa san har yanzu jan bironsa bai bushe ba.

Yawancinku kun san ni ɗan Tudun Wada ne, a nan aka yanke mini cibiya, kusa da Kasuwar Barci. Amma mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mutumin Yawuri ne, ɗan gidan masu fito a bakin kogin Kwara. Aikin masaƙa ne ya kawo shi Kakuri, 'yan shekaru bayan buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957. Ya bar uwargidansa da babban ɗansa a can gida tare da jirgin gado, ya auri mahaifiyata a nan. Wannan babban ɗa shi ne Yayan da nake nufi. Ya girme ni da shekara 12, bai taɓa shiga aji ba, amma tun yana saurayi ya san hanyoyin ruwan Yawuri kamar yadda muka san lungunan Tudun Wada. Duk dogon hutu Baba kan tura ni wurinsa, shi ya koya mini iyo, shi ya koya mini riƙon filafili.

Kun tuna malaminmu na labarin ƙasa a aji biyu? Yakan zana taswirar Nijeriya a allo ba tare da ya ɗaga alli ba. Shi ya koya mana cewa kogin Kaduna, wanda ake yi mana bulala in an kama mu muna wanka a cikinsa, daga tsaunukan Jos ya taso, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550, ya ratsa Shiroro da Zungeru, ya je ya faɗa Kwara, wato Neja, daura da Fategi. Na ɗaga hannu ranar nan na tambaye shi ko ruwanmu yana isa Yawuri. Ya ce a'a, Yawuri tana sama, amma ruwan da ya wuce ta gabanta da wanda ya wuce ta gabanmu sukan gamu a can ƙasa, su tafi teku tare. Na haddace amsar don jarrabawa. Sai bayan shekara 40 na gane ta.

Da muka gama a 1984 na shiga Kwalejin Fasaha ta Kaduna, wadda ke nan unguwarmu, na karanta aikin inji. A 1990 na sami aiki a Ikko, a wani wurin gyaran injinan jiragen ruwa kusa da Apapa, na zauna can shekara 28. A nan na fara ganin mutanen da ke shiga ruwa don nishaɗi kawai. Akwai kulob na masu jiragen shaƙatawa a Ikko wanda aka kafa tun 1932. Ranar Asabar da Lahadi sai ka ga Turawa da attajiranmu sun ɗaga manyan fararen ƙyallaye, iska tana tura jiragensu, su da matansu da 'ya'yansu, sun nufi Tarkwa Bay, wani bakin teku mai lafiyayyen ruwa wanda ba a isa gare shi sai ta jirgi. Wasu kan ɗauki hutun mako guda suna bin gaɓar teku. Abin da ya fi ba ni mamaki game da su shi ne, ko da iska ce ke tura jirgin, ba mai barin kwata sai ya gwada ɗan injinsa na ko-ta-kwana, ba kuwa yaron da zai taka jirgi sai an ɗaura masa rigar ruwa. In inji ya tsufa ba su tsayawa yi masa faci, sai su sauke shi su ɗora sabo. Ni ne mai saukewa, ni ne mai ɗorawa.

Ni ma na koyi irin wannan hutun daidai ƙarfina. Na kai iyalina Tarkwa Bay, na kai su Badagiri, mun ɗauki hotuna. Yawuri ce kaɗai ban taɓa kai su ba, kuma ga dalili.

Baba ya rasu a 1999. Bayan addu'ar bakwai aka zauna maganar gado. Yaya ya ce a sayar da gidan nan na Tudun Wada a saya wa jirgi sabon inji, domin wanda ke jiki ya soma gajiya, kuma da jirgin nan ake ciyar da mutum fiye da 20 a gida. Ni kuwa na ce mahaifiyata tana cikin gidan, ba inda za ta. Kowa da gaskiyarsa, amma baki ya ɓata ta. Ya ce boko ya raba ni da su. Ni kuma, cikin zafin ƙuruciya da jin cewa ina da albashi, na ce ban ga abin da zaman ruwa ya tsinana masa ba. Magana zarar bunu ce. Ya naɗe tabarmarsa ya koma Yawuri da asuba ko sallama ba mu yi ba. Daga ranar nan na yi shekara 24 ban taka Yawuri ba. Da Salla nakan aika da ɗan abin da ya samu ta hannun direba, in ce ai na yi zumunci.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, na ji a rediyo cewa wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150, waɗanda suka tsira ba su wuce kimanin 20 ba. Wannan ruwan Yaya yake bi. Hannuna yana rawa na nemi lambar babban ɗansa, ya ce mini lafiyarsu lau, ba jirginsu ba ne. Na yi hamdala, na ce ina nan tafe. Bayan mako uku aka sace ɗalibai a makarantar sakandaren Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, sai na fake da rashin tsaron hanya, na yi zamana. A ƙarshen Nuwamban shekarar jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 mutum fiye da 100 'yan dawowa daga biki suka halaka a yankin Fategi. Duk ina ji, ina cewa Allah Ya kyauta, ina juya tashar rediyo.

A watan Oktoba na 2023 yaron nan ya kira ni da dare. Ya ce, "Baba Ƙarami, ka yi haƙuri, Baba bai san na kira ka ba." Ashe shekaranjiya injinsu ya mutu a tsakiyar tafki suna dawowa daga kasuwa da fasinja wajen 30, har da mata masu goyo, ga hadari ya haɗo. Filafili biyu kacal ke cikin jirgin. Da su da murafun kwanuka aka yi ta tuƙi, ba su ga tudu ba sai bayan sallar lisha. Na tambaye shi wane inji ne. Ya ce ai shi ne dai wanda na sani. Wato injin da Yaya ya ce ya gaji a 1999 shi yake ta lallaɓawa da waya da faci har shekara 24, alhali ƙanensa yana Ikko yana ɗora wa baƙi sababbi don su je shan iska. Jama'a, daren nan ban runtsa ba.

Da gari ya waye na rubuta a dandalinmu na WhatsApp cewa ina neman injin jirgi mai ƙarfin doki 40. A nan na ga amfanin wannan ƙungiya. Wani ɗan ajinmu da ke kasuwanci a Ikko ya ce in zo in sauka a gidansa. Lokacin kuwa kuɗin kaya ya yi tashin gwauron zabo, ga janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, ga faɗuwar naira, sabon inji ya kai miliyoyi. Saboda haka muka fara duba na hannu, wanda ake kira tokumbo. Wani mai shago ya nuna mana ɗaya yana ta ƙyalli, ya rantse bai yi wata shida a ruwa ba. Bari in gaya muku yadda ake gane irin wannan, ko wata rana ta yi wa wani amfani. Da farko na kwance ƙusar man giya da ke can ƙasa kusa da farfela. Man kirki garau yake fitowa, wannan kuwa ya fito fari-fari kamar kunu, alamar ruwa yana shiga ke nan. Na cire fulogi na sa ma'aunin matsin iska, silinda ɗaya ta yi ƙasa da 'yar'uwarta nesa ba kusa ba. Sa'an nan na ce a tsoma shi a durom a tayar. Kowane injin jirgi yana da wani ɗan rami da yake tsartar da ruwa, shi ke nuna famfon da ke sanyaya inji yana aiki. Wannan ɗiga kawai yake yi. Fenti ne sabo, cikin ya mutu. Abokina ya ja ni gefe ya ce, "Rayukan mutum 30 za ka ɗora a kan ragin kuɗi?" Na sayar da filina na Rigasa, shi kuma ya ranta mini cikon, muka sayi sabon Yamaha a cikin kwalinsa.

Da na kawo shi Kaduna sai na tuna katakon bayan jirgi, inda ake ɗaura inji, shi ma ya sha shekaru, ga injin ya haura kilo 70. Na shiga tsohuwar Panteka neman wanda zai yanka mini farantin ƙarfe na ƙarfafa wurin. Aka nuna mini wata rumfa mai yara masu koyon aiki sun fi goma. Maigidan ya ɗaga gilashin walda ya dube ni, ya kira ni da sunan tsokanar da ba wanda ya kira ni da shi tun muna aji uku. 'Yan ajinmu za su tuna shi, shi ne mai tsaron gidanmu a ƙwallo, wanda ya bar makaranta a tsakiyar aji uku da mahaifinsa ya rasu. Tafiyar minti goma ce tsakanin gidana da rumfarsa, amma rabona da shi shekara 41. Da na ba shi labari ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce ba a auna jirgi daga nesa, shi da kansa zai bi ni da kayan aikinsa.

Muka tashi a ƙarshen Disamba, ni da shi da maiɗakina da yara uku. Muka kauce wa hanyar Birnin Gwari, muka zaga ta Minna. A Zungeru, inda hedkwatar Arewa take kafin a dawo da ita Kaduna a 1917, muka sake haye kogin Kaduna, na nuna wa yara na ce ga ruwan unguwarmu nan ya riga mu zuwa. Daga nan Tegina, Kwantagora, sai Yawuri da la'asar.

Mun tarar da Yaya a bakin kwata yana zaune a kan wani kifaffen kwalekwale yana ɗinkin taru. Na bar shi da baƙin gemu, na same shi fari fat. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na tuɓe takalma na durƙusa na ce, "Yaya, na zo." Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce, "Auta, kai ne?" Ya dubi kwalin da samari suke saukewa ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Bashin 1999 ne, Yaya. A gafarce ni." Sai ya ce, "Ko hannu rabbana ka zo, da tabarmarka tana nan. Ina 'ya'yan nawa?" Ya wuce ni ya tafi wurin yara, yana tambayar kowa sunansa. Ƙaramarsu sunan mahaifiyarsa na sa mata, shekara 15 ke nan, bai taɓa sani ba. A nan dattijon nan ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Kwana biyu muka yi muna aiki. Abokina ya daidaita farantinsa, muka ɗaura inji yadda faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela zai yi daidai da gindin jirgi, domin in ya yi sama farfela iska za ta riƙa sara, in ya nutse da yawa kuma a yi ta ƙona mai a banza. Na zaunar da yaran gida na koya musu abin da takardar injin ta ce. Irin wannan inji a cikin fetur ake zuba masa mansa, lita 1 ga lita 50, wato rabin lita a jarka mai lita 25. A awa 10 na farko ana ninka man, ba a kuma ba shi wuta har ƙarshe. Na ce kullum in an tayar a dubi ramin tsartar ruwan nan kafin a kwance igiya, a kuma ajiye fulogi da farfela na ko-ta-kwana da filafili huɗu a cikin jirgi. Yaya yana gefe yana saurare, har ya ce ashe bokon yana da ranarsa.

Amma da muka shiga ruwa sai malanta ta koma hannunsa. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, ita ta mai da wannan yanki tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ta cinye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Itatuwa da yawa suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwan, kututturansu su ne ke farke cikin jirgi, musamman da dare ko in ruwa ya ja. Yaya ya san mazauninsu ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga ya karkata jirgi a inda ni ban ga komai ba. Na yi mamakin ganin kogi a cike tsakiyar hunturu. Ya ce ai sau biyu yake kawo ruwa, akwai farin ruwa na damina mai laka, akwai baƙin ruwa mai zuwa da sanyi. Nan take karatun aji biyu ya dawo mini: wannan baƙin ruwan damina ce da ta sauka a tsaunukan Gini, fadamun Mali suka riƙe ta wata da watanni kafin ta iso mu.

Mako biyu muka yi, kuma ban taɓa yin hutu mai daɗinsa ba, har da na bakin teku. Da sabon injin muka bi dangi ƙauye ƙauye. Muka gaida Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda idonta ya tafi, ta shafa fuskata ta ce hancin Baba ne. Muka ziyarci makabartar kakanninmu. Yarana da suka tashi suna jin Yarbanci fiye da Hausa suka koyi jefa birgi, suka ci gasasshen kifi a kan yashi tare da 'yan'uwansu da ba su taɓa sanin da su ba. Abokina na Panteka kuwa sai da masu jirage suka yi masa layi, ya dawo da cinikin da bai nema ba.

'Yan'uwa, ban tsaya a gabanku don in yabi kaina ba, wanda ya yi shekara 24 yana ɓata lokaci ba abin yabo gare shi. Abu uku nake roƙo.

Na farko, abin da ke kashe mutanenmu a ruwa sananne ne: tsohon jirgi da tsohon inji, lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar, amma doka ba ta iya tsayawa a kowace kwata. Na bar riguna 20 a jirgin Yaya, ya kuma yi mini alkawarin ba zai ƙara tashi bayan faɗuwar rana ba. Ina roƙon ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta na bana a sayi rigunan ruwa na yara, a kai wa wani gari da 'yan makaranta ke haye ruwa. A cikinmu akwai 'yan Neja da Kebbi da za su nuna mana inda ya dace.

Na biyu, tsarin mulkin ƙungiyarmu ya ce ɗan ƙungiya shi ne wanda ya kammala. Da wannan layi ɗaya muka rufe ƙofa ga waɗanda mutuwar iyaye ko rashin kuɗin makaranta ya fitar a tsakiya, alhali benci ɗaya muka zauna, bulala ɗaya muka sha. Ina ba da shawarar a gyara shi a wannan zama. Abokin nawa yana nan a bayan ɗaki, da ƙyar na jawo shi, ya ce ba shi da takardar shiga cikin manya. Shugaba, ina neman izni ya taso ya zauna cikin 'yan ajinsa.

Na uku, kowannenmu yana da Yawurinsa. Wani ɗan'uwa ne da gado ya raba su, wani aboki ne, wani kuma malami ne da ke kwance ba lafiya a nan cikin Kaduna, muna aika masa gaisuwa ta waya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ni shaida ne cewa saƙon direba ba ya maye gurbinta. Ni na yi sa'a na tarar da Yaya da rai. Da hadarin nan na Oktoba ya sauko da iska, da ta'aziyya zan je, da injina a kwali ba mai karɓa. Kada wanda ya dogara da irin sa'ata. Kafin taron baɗi kowa ya je inda ya san ana jiransa, ko da hannu rabbana ne.

Ga malamanmu kuwa, musamman malaminmu na labarin ƙasa, wanda aka ce mini tsufa ya hana shi fitowa yau, a isar masa cewa ɗalibinsa mai yawan tambaya ya je ya gani da idonsa, amsar da ya ba shi daidai ce. Ni da wasu 'yan ajinmu za mu je gaishe shi ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, mai son zuwa ya ba sakatare sunansa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai, Ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa, Ya bar mu tare.